Yadda Za Ka Yi wa Injin Tsohuwar Motar Tafi-da-Gidanka Sabis da Hannunka

Motar tafi-da-gidanka, wato ƙaramar bas ɗin nan da aka gyara cikinta aka sa gado da murhu da kabad don tafiye-tafiyen shaƙatawa, rayuwarta ba irin ta sauran motoci ba ce. Sai ta yi wata shida ko takwas a ajiye ba a ko tayar da ita ba, rana ɗaya a cika ta da kaya da ruwa da mutane, a ce ta hau tudu ta yi kilomita ɗari biyar. Abu biyu ke cin injinta, zama da zafi. Duk aikin da zan bayyana a nan, idan ka duba da kyau, yaƙi ne da waɗannan biyun.

Zan kafa misali da Volkswagen Type 2, wadda wasu ke kira Kombi, domin ita ce uwar irin waɗannan motoci. An fara ƙera ta a Jamus a 1950, kamfanin Westfalia ya shahara wajen mayar da ita ɗakin kwana, kuma ba a daina yin ta a Brazil ba sai 2013. Injin da nake nufi shi ne mai 1600cc, wanda ke zaune a baya, mai silinda huɗu a kwance biyu-biyu suna kallon juna, wanda iska ke sanyaya shi ba ruwa ba. Kafin ka ɗauki sifana, tabbatar da injin da ke cikin motarka, don motar da ta haura shekara arba'in da wuya a ce ba a taɓa sauya mata inji ba. Lambar injin tana buge a jikinsa, ƙarƙashin ƙafar da ke riƙe da janareto. Daga 1972 wasu sun zo da babban inji mai 1700, daga baya 1800 da 2000. Wannan yana da matatar baƙin mai, kuma na ƙarshe-ƙarshensa, daga 1978, bawul ɗinsu da kansu suke daidaita kansu. Idan irinsa gare ka, tsarin aikin ɗaya ne amma alƙaluman ka ɗauko su daga littafin injinka.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne jerin aikin: bawul (ƙofofin shigar fetur da fitar hayaƙi a kan silinda), sannan kwantak (ƙarafan da ke yanke lantarki don fulogi ya ba da wuta), sannan tayimin (lokacin da wutar ke tashi), kafireta a ƙarshe. Kowanne yana shafar na bayansa. Farkon mallakata irin wannan mota na kwana uku ina murɗa sukurorin kafireta saboda injin ba ya tsayawa a sulo, ashe bawul guda ne ya matse. Da na gyara shi sai na koma neman inda kafiretar take tun asali, wanda ni da hannuna na ɓata.

Kayan aiki da shiri

Ba ka bukatar kayan gareji guda. Sifanu masu lamba 10, 13, 14, 21 da 30, sifanar fulogi, sukundireba babba da ƙarama, filaya, ma'aunin tazara (ƙarafunan nan sirara masu kama da ganye, kowanne da kaurinsa rubuce a jiki), fitilar tayimin, alli, mazurari, kwanon tarar mai da tsummoki. Idan kana da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ta yi amfani ƙwarai, domin jikin injin nan laushi gare shi, gwargwadon ɗaurinka gwargwadon ɓarnarka. Kayan sauyi kuwa: baƙin mai lita uku, gasket biyu na murfin bawul, saitin gasket na rariyar mai, fulogi huɗu, kwantak da kwandensa, fambel, da tiyon fetur.

Ajiye motar a wuri mai shimfiɗa tun daren jiya, don bawul ba a auna shi sai injin ya huce sarai. Ja burkin hannu, sa giya a firi, tokare tayoyi. Rufe tukunyar gas ɗin girki. Cire wayar batir ta gefen ragi, wato mai alamar (-), kuma ka tuna yawancin irin motocin nan batir biyu gare su, ɗaya na inji ɗaya na fitilu da firjin ciki. Motar tana da tsayi daga ƙasa, mutum na iya kwanciya ya kai ga bawul ba tare da ɗaga ta ba. In kuwa ka ɗaga, kada ka shiga ƙarƙashinta alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa ƙafafun ƙarfe na tokara.

Fara da ido da hanci

Buɗe murfin baya ka tsaya ka kalla kafin ka taɓa komai. Injin yana kewaye da faifan ƙarfe baƙaƙe, da roba mai kauri da ta zagaye shi ta toshe tsakaninsa da jikin mota. Ba ado ba ne. Su ne ke raba iska mai sanyi ta sama da mai zafi ta ƙasa. Inda robar ta yage ko wani faifai ya ɓata, fanka za ta riƙa zuƙo zafin salansa tana hura wa injin, kamar mai fifita da garwashi. Miƙa hannu bayan gidan fanka ka lalubo bakinta. Tsumma ko leda kan maƙale a nan. Motar da ta daɗe a ajiye kuma ɓeraye kan yi sheƙa a kan haƙarƙarin silinda, su toshe hanyar iska gaba ɗaya.

Sai tiyon fetur, kuma a nan zan daɗe, domin gobara ta cinye irin motocin nan da yawa. Tankin yana gaban injin, sama da shi, saboda haka idan tiyo ya fashe fetur zai ci gaba da kwarara da kansa ko an kashe mota. Ƙasansa kuma ga dilko, mai raba wa fulogi wuta, yana tartsatsi, ga salansa mai zafi. Gangar injin an yi ta da gaurayen ƙarfen magnesiyam, wanda idan ya kama da wuta ruwa ba ya kashe shi. Bi tiyon da yatsa tun daga ƙarƙashin tanki, zuwa famfon fetur, zuwa kafireta. Lanƙwasa shi ka gani. Tsohon tiyo mai saƙar zare a baya yana ɓoye tsagewarsa, sai ka ga waje lafiya alhali ciki ya ruɓe, kuma fetur ɗin zamani mai haɗin itanol yana saurin cin tsohuwar roba. Idan ba ka san shekarar da aka sa shi ba, sauya shi kawai. Faɗin raminsa milimita 5.5 ne, a nemi wanda aka yi don jure itanol, a ɗaure kowane baki da maɗauri. Duba ɗan bututun tagulla da ke shiga kafireta da na famfo: girgiza su a hankali, domin cusa su aka yi kawai, kuma sukan zare. Duba robar da ke kare bututun ƙarfe a inda ya ratsa faifan gaban inji. In ta faɗi, faifan zai yi ta goga bututun har ya huda shi. Matatar fetur ta roba da ake ratayawa tsakanin famfo da kafireta, saman dilko, ni ban yarda da ita a nan ba. Nauyinta ke jan bututun tagullar nan. A mayar da ita ƙarƙashin mota, kusa da tanki. Sannan ka ajiye tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai gare ta daga kujerar direba.

Bawul

Wannan shi ne zuciyar sabis ɗin, ana yin sa duk kilomita 5,000. Dalilinsa: bawul yana huce zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. Idan tazararsa ta ƙare, ba zai rufe sosai ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ya ƙone, ko kansa ya tsinke ya faɗa kan fistin. Bawul mai ɗan ƙara kas-kas-kas bai cika yin ɓarna ba. Wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro.

Da farko ka san silindoginka. Tsaya a bayan mota kana fuskantar gabanta. A dama, na can ciki wajen gaban mota shi ne na 1, na kusa da kai na 2. A hagu, na can ciki na 3, na kusa da kai na 4. Jerin tashin wutarsu 1-4-3-2 ne.

Ɓalle maƙalai biyun da ke riƙe da hular dilko ka ɗaga ta gefe. A bakin gangar dilkon akwai ɗan tsagi siriri. Sa sifana 30 a kan notin babban fuli na ƙasa ka juya injin har hancin rota, wato abin nan mai juyawa a ƙarƙashin hular, ya nuna wannan tsagin, kuma tsagin da ke jikin fulin ya yi daidai da layin da ya raba gangar injin biyu. Yanzu fistin na 1 yana ƙololuwar tafiyarsa ko dab da ita, bawulolinsa biyu a rufe. Ɗauki alli ka ja layi a kan fulin daidai kishiyar tsagin, wato rabin zagaye.

Kwanta ta gefen dama. Murfin bawul wata lanƙwasasshiyar waya mai kauri ce ke danne shi. Sa babbar sukundireba ka banƙare ta ƙasa. Shimfiɗa tsumma, don ɗan mai zai zubo. Amma goge kewayen murfin tukuna kada ƙasa ta faɗa ciki. Za ka ga hannuwa huɗu masu lilo, biyun da ke wajen gaban mota su ne na silinda na 1. Zaro ganyen ma'auni mai milimita 0.15 ka zura shi tsakanin bakin sukurun hannun da kan sandar bawul. Abin da ake so shi ne ya shiga yana ɗan ja, kamar kana zaro takarda daga tsakiyar littafi mai nauyi. In ya ƙi shiga, ya matse. In ya wuce sakayau, ya saki. Wata dabara: ganyen 0.15 ya shiga, na 0.20 ya ƙi, to ka dace.

Gyaran kuwa, sassauta notin kulle da sifana 13 ko 14, juya sukurun da sukundireba har ganyen ya yi jan da ake so, riƙe sukurun kam, ka ɗaure notin. Sake aunawa. Sau da yawa ɗaurin notin yakan ja sukurun ya ƙara matsewa, sai ka sake. Kada ka ji haushi, ni ma har yau nakan maimaita wani sau uku.

Ka gama na 1, sai ka juya injin baya, wato akasin tafiyar hannun agogo, rabin zagaye, har layin allinka ya hau kan layin gangar. Rota za ta matsa rubu'in zagaye. Wannan silinda na 2 ne, hannuwa biyun da suka rage a dama. Hikimar juyawa baya ita ce jerin 1-4-3-2 idan aka bi shi ta baya sai ya zama 1-2-3-4, ka gama gefe guda kafin ka koma ɗayan. Ƙara rabin zagaye baya, tsagin asali ya dawo, ka koma hagu ka yi na 3. Ƙara rabi, ka yi na 4.

Ka rubuta abin da ka tarar a kowane bawul kafin ka gyara shi, musamman bawul ɗin fitar hayaƙi na silinda na 3. Na fitar hayaƙi su ne na gefe-gefe a kowane ɓangare, na shigar fetur suna tsakiya. A injinan da aka yi kafin 1971, na'urar sanyaya baƙin mai tana zaune a kan hanyar iskar da ke zuwa silinda na 3, shi ya sa ya fi sauran zafi. Daga baya aka kawar da ita gefe. Idan ka ga bawul guda yana matsewa a kowane sabis, to sandarsa ce ke miƙewa ko mazauninsa ke nutsewa, kuma gargaɗi ne cewa a sauke kan silindar kafin ya tsinke a hanya.

Kankare tsohon gasket daga murfin, shafa wa sabon ɗan giris don ya zauna, mayar da murfin, ka banƙaro wayar sama har ta faɗa gurbinta. Lalubi gefen da yatsa ka tabbatar gasket ɗin bai zame ciki ba. In ya zame, mai zai tsiyaya kan bututun hayaƙi.

Fulogi

Tun injin yana da sanyi ka cire su, ɗaya bayan ɗaya don kada wayoyi su rikice. Launin bakinsu labari ne: ruwan ƙasa-ƙasa mai haske lafiya ce, baƙi mai toka-toka fetur ya yi yawa, baƙi mai maiƙo injin na shan mai, fari fat kuwa fetur ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa, kuma a injin iska wannan ya fi sauran haɗari. Tazarar bakin sabo milimita 0.6 zuwa 0.7.

Wajen mayarwa ne ake ɓarna. Kan silindar na alminiyam ne, ramin kuma yana can ciki ba a gani. Cusa gindin fulogin cikin guntun tiyo, ka murɗa shi da yatsu ta jikin tiyon. In ya hau a karkace tiyon zai zame maimakon ya ci zaren. Sai ya shiga zagaye huɗu ko biyar cikin sauƙi kafin sifana ta taɓa shi, ɗaurin kuma kada ya wuce misalin Nm 30 a sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Kowace wayar fulogi tana da faifan roba da ke toshe ramin faifan ƙarfe. Mayar da shi daidai, iskar sanyaya inji ce yake tsarewa.

Kwantak da tayimin

Zare rota sama. Ƙarƙashinta za ka ga kwantak, ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa yayin da sandar dilko mai kusurwa huɗu ke juyawa. Buɗe su da yatsa ka duba fuskokinsu. In ɗaya ta yi ƙurji ɗaya ta yi rami, a sauya, tare da kwandensa. Sukuru ɗaya ke riƙe da shi. Toshe ramukan dilkon da tsumma kafin ka kwance, don idan ya faɗa ciki ka sayi aiki. Juya injin har ɗan dunduniyar kwantak ya hau ƙololuwar kusurwa, sannan ka daidaita tazarar ta zama milimita 0.4 da ganye mai tsabta, marar maiƙo. Mai na'urar auna kusurwar rufewa ya nemi digiri 44 zuwa 50. Shafa giris kamar ƙwayar ashana a jikin sandar, ɗigo ɗaya na mai a kan audugar da ke tsakiyarta in akwai. Duba cikin hular dilko ko akwai tsagewa ko baƙin layi. Wanda aka sa wa motarsa na'urar lantarki a madadin kwantak ya tsallake wannan duka.

Duk sanda ka taɓa tazarar kwantak, tayimin ya motsa, shi ya sa yake biyo baya. A nan ba zan ba ka lamba guda ba, domin injinan 1600 sun zo da dilko iri-iri: wani ana saita shi a digiri 7.5 kafin ƙololuwa, wani a ƙololuwar daidai, wani digiri 5 bayanta, kuma tsagin fulin ma ya bambanta. Karanta lambar da ke jikin dilkonka ka nemi nasa. Amma akwai iyaka da ta shafi kowa. Mayar da batir, tayar da injin a fili ba cikin rufaffen gareji ba, bar shi ya ɗumama, cire tiyon iskar dilko ka toshe shi, haska fitilar tayimin a kan fulin, ka ƙara totur har alamar ta daina gudu, wajen zagaye 3,000 zuwa 3,500 a minti. Kada ta wuce digiri 30 zuwa 32 kafin ƙololuwa. Za ka bukaci ka auna ka yi wa fulin alamar wannan wurin da fenti tun kafin ka fara. Gyara ta hanyar sassauta notin maɗaurin dilko, mai lamba 10, ka juya gangarsa kaɗan-kaɗan. Tayimin da ya yi gaba da yawa yakan sa mota ta ji daɗin tashi, mai ita ya yi ta murna, alhali a kan tudu fistin yake gasawa. Ka kula da hannun riga da wayar fitila kusa da fambel.

Fambel

Na bar shi nan amma da injin a kashe ake duba shi. A wannan injin fambel ɗaya ne tak, yana juya janareto, fankar kuma tana kan sandar janareton. Ma'ana, in ya tsinke sanyaya ta tsaya nan take. Jar fitilar caji ta kama kana tafiya, ka sauka gefe a lokacin, ba a gari na gaba ba.

Danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya da rabi. Ba a ja da janareto kamar sauran motoci. Fulin sama gida biyu ne, da washoshi sirara a tsakani. Sa sukundireba a tsagin rabin ciki ka tokare, kwance notin da sifana 21, cire washa ɗaya daga tsakani don ya ƙara tauri, ko ka ƙara don ya saki. Wadda ka cire kada ka yar, a waje ake jera ta ƙarƙashin notin. Yayin ɗaurewa riƙa juya injin don bel ɗin ya hau sama kada a danne shi. Sabon bel yakan miƙe, a sake dubawa bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. Tsohon, in bai tsage ba, ya zauna a mota tare da sifanarsa.

Tunda hannunka na wurin, kama babban fulin ƙasa ka tura ka jawo. Ɗan motsin da aka yarda da shi bai kai kaurin ganyen bawul ɗin nan ba, da ƙyar za ka ji shi. In kana gani da ido yana kai da komo yana ƙwas, gangar injin ta ci, wannan kuma ya wuce sabis.

Kafireta, sai yanzu

Sau tari idan ka iso nan za ka tarar ba ta bukatar komai. Fara da matatar iska. Tsofaffin na wanka da mai ne: ɗauke ta a miƙe kada ta zube, zubar da tsohon man, wanke laka daga gindinta, zuba sabon baƙin mai zuwa layin da aka yi alama. Duba robobin da ke haɗa bututun shigar fetur. In sun tsage injin zai sha iskar da ba ta bi ta kafireta ba, sulo ya lalace, zafi ya ƙaru, kuma ba sukurun da zai gyara wannan.

A kan kafireta ƙirar Solex 34 PICT-3, wadda ta fi yawa a injinan nan, sukurori biyu ne a gefen hagu. Babban na saurin sulo ne, ƙaramin na yawan fetur. Injin ya yi zafi, cok ya buɗe gaba ɗaya. Murɗa ƙaramin ciki a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba, ka dawo da shi zagaye biyu da rabi. Da babban ka kawo sulo wajen 850. Koma kan ƙaramin ka nemo inda injin ya fi sauri, ka ɗan mayar da shi ciki kaɗan, sannan ka sake daidaita sulon da babban. Sukurun da ke jikin hannun totur ba na sulo ba ne, a bar shi.

Baƙin mai

Yanzu da injin ke da zafi ne lokacin juye shi. Abin da zai ba ka mamaki: injin nan ba shi da matatar mai, rariyar waya ce kawai, kuma duka man lita biyu da rabi ne. Ɗan wannan man shi ke shafawa, shi ke ɗauke zafi, a mota mai nauyin ɗaki. Don haka kilomita 5,000 ne iyakarsa, ko shekara guda ko da motar ba ta je ko'ina ba. In za ka ajiye ta na watanni, ka sauya kafin ajiyar, ba bayanta ba, don tsohon mai yana ɗauke da danshi da tsami masu cin ƙarfe a zaune.

Kafin ka juye, shinshina sandar gejin. Warin fetur, ko man ya haura alama ba ka ƙara ba, alama ce famfon fetur na yoyo cikin inji.

A ƙarƙashin injin akwai faifai zagayayye mai noti shida masu lamba 10. Wasu suna da babban noti a tsakiya na juyewa, wasu babu. In babu, sassauta shidan ka bar biyu a maƙale, ka ɗan ɓamɓare gefe man ya zubo. Yana da zafi, kula da hannunka. Sauke faifan da rariyar, wanke su da kananzir, ka duba abin da ya taru. Baƙar laka kaɗan ba komai. Ɓarɓashin ƙarfe mai walƙiya kuwa magana ce babba. Mayarwa: gasket, rariya, gasket, faifai, sababbin washoshin tagulla shida. Ɗaura su a gicciye, Nm 7 kacal, wato da yatsu biyu a kan gajeriyar sifana. In yana yoyo bayan haka, faifan ne ya lanƙwashe, ƙarin ɗauri sai dai ya zare ƙusar daga gangar. Zuba lita biyu da rabi. 15W-40 ko 20W-50 su aka fi amfani da su inda ake zafi. Tayar, ka ga koriyar fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan, kashe, jira minti biyar, auna. Tsohon man a zuba a jarka a kai inda ake karɓarsa, kada ya shiga ƙasa ko magudana.

Mai son sanin gaskiyar lafiyar injinsa ya ƙara da gwajin matsi sau ɗaya a shekara: inji da ɗumi, fulogi huɗu a cire, wayar kwayil a cire, totur a buɗe. Lafiyayye yakan ba da bar 8 zuwa 10 a na'urar auna matsi da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Ƙasa da 7, ko bambancin da ya haura 2 tsakanin silinda da ɗan'uwansa, ya nuna ringi ko bawul sun gaji.

Wanda ruwa ke sanyaya injin motarsa, irin Volkswagen T3 na bayan 1983, ko tsohuwar Ford Transit ko Fiat Ducato, batun tiyon fetur da mai da zaman banza duk ya shafe shi. Ƙarinsa biyu ne. Ruwan lagireto yana tsufa, maganin tsatsar da ke cikinsa ya ƙare, a sauya shi duk shekara biyu. A T3 lagireton na gaba injin na baya, bututun dogaye ne, dole a fitar da iskar da ta maƙale. Sannan in injin mai bel ɗin tayimin ne, shekaru ake ƙirga masa ba kilomita kaɗai ba, don roba tana mutuwa a zaune.

Ƙirga kayan aikinka da tsummokinka kafin ka rufe murfin baya. Tsumma ɗaya da aka manta fanka za ta haɗiye shi. Fita ka yi tafiyar minti ashirin da ta haɗa da ɗan tudu, kada ka bar injin yana nishi a babbar giya, sauko ƙasa don fankar ta yi gudu. Da ka tsaya, zaro sandar gejin mai ka riƙe kanta. In kana iya riƙewa ko da da ɗan zafi, lafiya. In sai ka yar da ita, koma kan tayimin da robobin iska. Leƙa ƙarƙashin murafen bawul biyu da faifan rariya ko akwai ɗigo, ka bi tiyon fetur da busasshen yatsa sau ɗaya, sannan ka rubuta kwanan wata da kilomita da tazarar bawul takwas ɗin da ka tarar a ɗan littafin da zai zauna a aljihun mota.